Duwatsun Kabarin Madugu

Tun daga bakin zaure Ummuhani ta san yau babu lafiya. Mahaifinta, Alhaji Sammani mai goro, bai tarbe ta da “Uwata ta iso” ba, kamar yadda ya saba tun tana rarrafe, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Hannu kawai ya ɗaga ya nuna mata gefen tabarma.

A tsakiyar tabarmar akwai wani dutse, bai fi ƙaramar tukunya girma ba, an shafe masa gefe ɗaya da farin fenti. Kusa da shi ga ƙwaryar goro an ɗaure bakinta da farin ƙyalle.

Ta gane ƙwaryar. Ita ce kawun Badamasi ya kawo daga Parakou wata biyu da suka wuce, ranar da suka nemi aurenta aka ce an ba su. An raba goron tuntuni, dangi sun ci sun sa albarka. Yanzu ga shi an sake cika ta, kuma duk ’yar gidan masu goro ta san ƙwaryar da aka sake cikawa komawa za ta yi inda ta fito.



Shekaranjiya ne wani direba ya same ta a makarantar ’yan mata ta Parakou, inda take koyarwa, ya ce Alhaji ya ce ta zo Djougou ko me take yi. Duk tsawon hanya mutuwa take ta saƙawa a ranta.

“Baba, wa ya rasu?”

“Wanda ya rasu ya shekara hamsin da uku a kwance,” in ji Alhaji. “Yanzu ne dai aka yaye masa rufi. Kin ga dutsen nan? Daga kan kabarin kakanki Madugu Ishaƙu aka ɗauko shi. Mutumin naki, ma’aikacin gandun dajin nan, shi ya sa leburorinsa suka kwashe duwatsun kabarin ubana suka gina matakala da su. Don me? Don ’yan lakwal, yaran boko, da ma’aikatan birni su taka su hau dutse shan iska ranar Lahadi.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji’un,” ta faɗa.

Ta san aikin, don Badamasi ba ya da wata hira sai shi. Tun da aka turo shi duwatsun da ke arewa da Djougou yake fama da tsohuwar hanyar fatake, wadda ruwan sama ya cinye tun da motoci suka kashe ayari. Burinsa ya gyara ta, ya hana saran itace a gefenta, mutanen gari su samu wurin hawa su huta. Yaron kirki ne, ba mai musun wannan. Amma ɗan ma’aikacin jirgin ƙasa ne, haifaffen unguwar Albarika a Parakou, jakin da ya sani a duniya shi ne na masu kawo itace kasuwar Arzeke. Ina zai san al’adar fatake?

“Ke ma ’yar boko ce, bari in tuna miki,” Alhaji ya ci gaba. “In mutum ya mutu a hanya, nan ake binne shi, a tara masa duwatsu saboda kura. Daga nan duk ayarin da ya biyo, kowa zai ɗauki dutse ɗaya ya ɗora, ya yi masa addu’a ya wuce. Kowane dutse a kabarin nan addu’ar mutum guda ce. Na farkon ni na ɗora shi da hannuna, ina ɗan shekara tara, muna dawowa daga Gwanja. Su aka shafa wa fenti ana takawa da takalmi.”

“Baba, don Allah ka tambaye shi? Wataƙila sharri aka…”

“Na tambaye shi. Kwana goma sha ɗaya ke nan ya durƙusa nan inda kike, ya ce gaskiya ne. Ko gardama bai yi ba. Tun ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba.”

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle.

“Wa ya kawo maka dutsen, Baba?”

“Alhaji Ashafa. Allah ya yi masa albarka.”

Ashafa! Ai dama. Mai kamiyo uku, manyan motocin kaya, mai jigilar gawayi da katako zuwa Parakou, wanda ya shekara biyu yana aiko mata da atamfa tana mayarwa. Kuma shi ne mutumin da Badamasi ya hana takardar saran itace a gefen hanyar nan bara.

“Ba zan yi miki dole ba,” in ji Alhaji, yana kallon bango. “Ki auri Ashafa, ki auri wanin Ashafa, ruwanki. Amma wanda ya taka ubana ba zai shigo gidan nan a matsayin suruki ba. Jibi goron nan zai koma.”

* * *

A ɗakin mahaifiyarta ta zube, ta kifa kai a cinyar Inna Turai tana kuka kamar ranta zai fita.

“Inna, wallahi bai sani ba. Mutumin da in ya ga yara sun karya reshen ɗorawa sai ya kasa cin abinci, shi ne zai tone kabari da gangan?”

“Ni ma ban ce da gangan ya yi ba,” in ji Inna, tana shafa mata baya. “Amma ki duba, Ummu, gwaggwanninki sun yi sahu uku a gidan nan. Sun ce dama me aka gani a jikin mai gajeren wando, mai gadin itatuwa. Jiya har da masu cewa a aika wa Ashafa ya turo magabatansa.”

“In sun ga dama su aure shi su!”

“Kul! Gwaggwanninki ne.” Inna ta danne dariya da gefen mayafi, sannan ta yi ajiyar zuciya. “Ki yi haƙuri ki bar kukan nan, idonki duk ya kumbura.”

“Ta yaya zan bari, Inna? Shekara biyu ina roƙon Allah, aka ba shi, na ɗinka labule, na gaya wa ƙawayena. Ko sallama ba mu yi ba. Ni ban san ma ko yana raye ba. Kwana goma sha ɗaya ba takarda, ba saƙo.” Ta ɗago kai. “Ki yi wa Baba magana, ke yana jin taki.”

“Na yi, ya ce in fita masa daga zaure. Shekara talatin muna tare bai taɓa gaya mini haka ba.” Inna ta rage murya. “Ni dai abin da na lura, fushin nan ya fi ƙarfin laifin yaron. Kin san rabon babanki da hawa dutsen nan? Tun ina da cikinki. Kullum sai ya ce bana, in an gama cinikin kaka. Gwiwa ta zo ta kama shi, maganar ta mutu.”

Ummuhani ta tashi zaune. Shekararta ashirin da huɗu.

Ta share fuska, ta gyara ɗaurin kallabi, ta koma zaure. Alhaji yana nan inda ta bar shi, ya tasa dutsen a gaba. Ta durƙusa har ƙasa.

“Baba, ban zo musu ba. Amma dutsen nan bai kamata ya sake kwana a tabarma ba. Wurinsa kan kabarin Kaka, kuma ba wanda ya cancanci ya mayar da shi sai kai. Ka bari in raka ka gobe. In ka gani da idonka ka ce goro ya koma, wallahi ni da kaina zan ɗauki ƙwaryar nan in kai ta Albarika, kuma ba za ka sake jin sunansa a bakina ba.”

Ya daɗe yana kallonta.

“Kin rantse fa.”

“Na rantse, Baba.”

“To. A gaya wa Ashafa ya kawo mota da safe.”

Sai da ta fito tsakar gida sannan ta fahimci abin da ta ɗora wa kanta.

* * *

Alhaji Ashafa ya zo da hantsi cikin babbar riga ta shadda da takalmi sau-ciki mai ƙyalli, yana ƙamshin turare, sai ka ce ɗaurin aure aka gayyace shi. Shi ya tuƙa kamiyon da kansa. Alhaji Sammani na gefensa, Ummuhani a bakin ƙofa, dutsen a cikin kwando bisa cinyarta.

“Malama, ki kwantar da hankalinki,” in ji Ashafa yana murmushi. “Allah ne ya tsare ki. Mutanen biro ɗin nan, ’yan zaman ofis, ba su san darajar iyaye ba, takarda kawai suka sani.”

Ba ta ko dube shi ba.

Da suka bar babban titi suka kama hanyar duwatsu, Alhaji ya soma leƙe ta taga. Damina ta ƙare ba da jimawa ba, ciyawa kore shar, amma gangaren duk kututture ne, nan da can hayaƙi na tashi daga ramukan gawayi. Ruwa ya tsattsaga ƙasar, ya bar kwazazzabai ja wur.

“Ashafa, ina itatuwan kiryar da ke nan? A da tun daga rafin can ba ka ganin rana sai ka kai zango.”

“Ai Baba Alhaji, su ne gawayin da matan Parakou ke girki da shi,” Ashafa ya amsa da fara’a. “Daji ai ba ya ƙarewa.”

Alhaji ya ci gaba da leƙen taga.

A gindin dutse mota ta tsaya, don daga nan sai ƙafa. Akwai jerin turaku masu farin kai da suka ratsa gangaren, alamar iyakar gandun daji. Daga wannan gefe kututture, daga wancan gefe maɗaci da kawo da kirya a tsaye, inuwa har da sanyi. Alhaji ya tsaya ya dubi dama, ya dubi hagu, sannan ya dogara sandarsa ya shiga hanyar.

An gyara ta, gaskiya. An share ƙaya, an yi ƙananan magudanai don ruwa ya riƙa bi gefe, a wata kwana har da benci na gungumen itace inda mutum zai zauna ya hango rufin kwanon Djougou yana walƙiya. Ummuhani ta so ta ce “Baba ka gani?” amma ta kama bakinta.

Sai suka iso wurin da hanyar ta miƙe tsaye.

“Yawwa, nan ne!” in ji Ashafa, yana haki. “Nan matakalar take, a nan na ɗauko…” Ya yi turus.

Babu matakala. Sai gurabunta kawai a jikin jar ƙasa, rami bisa rami har sama, kamar bakin tsohon da aka cire wa haƙora.

“Ya ɓoye su!” Ashafa ya ɗaga murya. “Wallahi ya ji za mu zo ya kwashe shaida!”

Ummuhani ta dubi ramukan. In haka ne, to ta rantse a banza.

“Mu hau,” in ji Alhaji.

Hawan nan ba a cewa komai. Dattijo mai shekara sittin da biyu, da ciwon gwiwa, yana kama saiwa yana jan jiki, ’yarsa na tura shi ta baya da kwando a ka. Ashafa kuwa takalmin nan mai ƙyalli ya ci amanarsa sau uku, shaddar ta koma kalar ƙasa, turare ya gauraya da gumi.

Da suka fito sarari, iska mai sanyi ta buge su. Fili ne shimfiɗaɗɗe a kan dutsen, ga wata tsohuwar tsamiya da mutum uku ba za su zagaye ta da hannu ba, ga idon ruwa yana tsiyaya a ƙarƙashinta. Wannan shi ne zangon da fatake ke sauke kaya a da.

Ashafa bai tsaya kallon komai ba. Ya hango tarin duwatsu a inuwa, tsaf-tsaf, an share kewayensa, ya lallaɓa ya zube a kai yana fifita da hula.

“Wash! Baba Alhaji, zo ka zauna, ga wuri mai kyau.”

Alhaji Sammani ya tsaya cak.

“Ashafa, tashi.”

“Bari in ɗan sarara, Baba, ƙirjina…”

“Na ce ka tashi daga kan ubana!”

Ashafa ya yi tsalle kamar wanda kunama ta harba. Ya dubi tarin, ya dubi Alhaji, baki buɗe.

“Wannan ne? Wallahi ban… ai ni ban taɓa hawowa nan ba. Wani lebura ne ya ba ni labari, sai na ɗauko dutsen a matakala.”

“Ka zo zaurena kana hawaye, ka ce ka ga kabarin da idonka, ka ce abin ya hana ka barci.”

Ashafa ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe riga. Ummuhani ta juya baya ta toshe baki da gyale. Allah ya yafe mata, a gaban kabarin kakanta dariya ta kusa ƙwace mata.

Motsin da suka ji daga wajen idon ruwa ne ya sa duka suka waiga.

* * *

Da farko ba ta gane shi ba. Wani mutum ne ya fito daga bayan tsamiya, ramamme, gemu ya tsiro masa barkatai, rigar kakinsa ta yage a kafaɗa. Da gammo a kansa, bisa gammon wani jiƙaƙƙen dutse yana ɗigar masa da ruwa a fuska.

“Yaya Badamasi!” Sunan ya fita kafin ta tuna mahaifinta na tsaye.

Ya sauke dutsen a hankali, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan da Alhaji.

“Baba, barka da zuwa. Ban so ka hawo yanzu ba, saura goma sha huɗu ban gama wankewa ba.”

“Wanke me?”

“Fentin, Baba. Na ga bai kamata in mayar da su da shi a jiki ba. Da yashi nake gogewa, yana fita, sai dai yana cin lokaci.”

Sai a lokacin Ummuhani ta ga hannuwansa. Yatsun duk sun tsattsage, ya ɗaure biyu da tsumma. Ta ajiye kwandon ta fashe da kuka, wannan karon ba ta ko ɓoye ba.

“Ina leburorin naka?” Alhaji ya tambaya, murya a daƙile.

“Na tura su gyaran magudana a ƙasa. Ba su suka yi laifi ba, ni na nuna musu tarin na ce su kwasa. Wanda ya ba da umarni shi ya kamata ya ɗauko.”

“Duka kai kaɗai? Daga can ƙasa?”

“E, Baba.”

“Shugabanka ya sani?”

Badamasi ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. “Ya sani. Gobe Lahadi aka sa za a buɗe hanyar, an gayyato ’yan makaranta daga Parakou da Djougou. Na rubuta masa na ce a ɗaga, matakala ta rushe. Ya tambayi abin da ya rushe ta, na ce ni. Ya ce in jira takarda, wataƙila a mayar da ni kudu. Bon, abin da Allah ya rubuta.”

Alhaji ya matsa kusa da kabarin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi tambayar da ta kwana goma sha biyu tana cin ransa.

“Ka gaya mini gaskiya, yaro. Kai Musulmi ne, ɗan Musulmi. Ta yaya za ka ga kabari ka kasa gane shi?”

Badamasi ya sunkuyar da kai.

“Magana nake maka.”

“Baba, ba na son in kawo uzuri.”

“Na ce ka faɗa.”

“Lokacin da muka zo, ciyawa ta fi ni tsayi a nan. Ruwa ya rusa tarin, duwatsun sun gangara har bakin kwazazzabo, rabi ƙasa ta binne. Babu alamar an taka wurin nan shekara da shekaru. Na tambaya a ƙauyen ƙasa, suka ce tsofaffin da suka san zangon sun ƙare. Sai bayan mun gama gini wata tsohuwa mai tsintar kaɗanya ta hawo, ta ga abin da muka yi ta ɗora hannu a ka. Ita ta nuna mini inda kai yake da inda ƙafa take.” Ya ɗago kai. “Amma laifina ne. Da Djougou na zo na tambaya, da kai za ka gaya mini.”

Ummuhani tana kallon bayan mahaifinta, sai ta ga kafaɗunsa sun soma girgiza. Tun da take ba ta taɓa ganin kukansa ba.

“Ciyawa ta fi ka tsayi,” ya maimaita a hankali. “Ina Djougou, tafiyar rabin yini, ina ƙirga huhun goro. Ubana yana nan ruwa na kwashe shi, sai wata mai tsintar kaɗanya ce ta san inda kansa yake.” Ya share ido da hannun riga. “Tun ranar da aka kawo dutsen nan nake jin haushi, na rasa wanda zan sauke wa. Uwata, miƙo mini.”

Uwata. Ta ji sunan har cikin ƙashinta. Ta ɗauko dutsen daga kwando ta miƙa masa da hannu biyu.

“Baba, bari in wanke shi tukuna,” in ji Badamasi.

“Bar shi da fentinsa. Ni zan riƙa ganinsa ina tunawa.”

Ya ɗora shi a saman tarin, ya ɗaga hannu. Suka yi addu’a mai tsawo, har Ashafa daga can gefe, yana shafa fuska fiye da kowa. Da aka shafa, Ashafa ya ce zai riga su sauka ya juya mota, ba wanda ya ce masa ya tsaya.

Badamasi ya ce, “Baba, in an bar ni a aikin, zan kawar da hanyar ta bi bayan tsamiya, in kewaye nan da ƙaya. Ba wanda zai sake zuwa kusa.”

“Kada ka soma.” Alhaji ya buga sanda a ƙasa. “Rashin masu wucewa ne ya lalata kabarin. Ubana da bakinsa ya ce a binne shi a bakin hanya, don ya riƙa jin sawun matafiya. Ka karkato da hanyar ta biyo nan. Ka samo wasu duwatsun ka yi matakalarka. ’Yan lakwal ɗin naka, duk wanda ya hawo a gaya masa wanda ke kwance, ya ɗauki dutse ɗaya ya ɗora.”

“Har waɗanda ba Musulmi ba, Baba?”

“A zamanin ayari mutanen Taneka suna ɗorawa, Fulani suna ɗorawa, ba wanda ya tambaye su salla. Shugaban naka kuma ka bar ni da shi, Litinin zan sa babbar riga in je biro ɗin da kaina.”

Ya juya ya nufi idon ruwa don ya yi alwala. Ummuhani ta saci jiki ta matso, ta tsaya taku uku daga Badamasi, idonta a kan tsumman yatsunsa.

“Ko layi ɗaya ba ka rubuto mini ba,” ta faɗa ƙasa-ƙasa. “Na ɗauka ka haƙura da ni.”

“Da wane ido zan rubuto, Ummu? Na ce in na gama in zo in roƙi gafara. In an yafe, alhamdulillahi. In ba a yafe ba, aƙalla kakanki ya samu rufinsa.”

“Ka ci abinci kuwa?”

“Tsamiya tana da ’ya’ya,” ya ce, ya yi dariya.

Ita ba ta yi ba. Don duk maganganun da Alhaji ya yi, na hanya ne da na kabari da na biro. Ko kalma ɗaya bai ce a kan ƙwaryar da ke jira a zaure ba, kuma rantsuwarta na nan a wuyanta.

* * *

Saukowa ta fi hawa wuya. Da suka iso bakin gangaren da babu matakala, Alhaji ya sa ƙafa ɗaya, gwiwar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ƙasa ta zame, da Badamasi bai riƙo hannun rigarsa ba da sai dai wani labarin. Ya zauna a kan saiwa yana nishi, ya dubi ramukan nan har ƙasa.

Daga can gindin gangaren Ashafa ya ɗago murya, rigarsa a yage ta baya, alamar da mazaunai ya sauka.

“Baba Alhaji! Ka jira, bari in kira masu yi mini lodi su ɗauko ka!”

“Ni ba buhun gawayi ba ne!” Alhaji ya mayar masa.

Badamasi ya matso, ya durƙusa a gefe, kansa a ƙasa.

“Baba, ni na cire matakalar. In ka yarda in goya ka. Na saba da wurin, na san inda ake sa ƙafa.”

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, fuska a murtuke.

“Tun da na yi wayo baƙo bai taɓa goya ni ba. Kuma ba yau za a fara ba.”

Ummuhani ta runtse ido. Shi ke nan. Baƙo. Ta ga kanta a motar Parakou da ƙwarya a cinya, ta ga ƙofar gidan kawun Badamasi a Albarika.

“To me kake jira?” ta ji muryar mahaifinta. “Juyo mini bayan, ɗana. Kunyar surukuta sai mun isa ƙasa ma fara ta.”

Badamasi ya ɗago kai, ya dubi Alhaji. Sai kawai ya juya ya ba da baya, hawaye na bin gemun nan da bai ga aska ba.

“Uwata, karɓi sandar nan da hular. Kuma ki daina kukan haka, ki duba inda kike takawa, mutum ɗaya zai iya goyawa.”

Ta karɓa, tana kuka tana dariya, ta rasa wanda za ta tsayar a ciki. Wani nauyi da ta kwana da shi a ƙirji ya sauka gaba ɗaya, har ta ji iskar dutsen tana shiga mata sosai.

Suka soma sauka, rami bayan rami, dattijon ya sarƙafe hannuwa a wuyan saurayin yana ta ba da umarni kamar madugu. “Dama. A’a, hagu. A hankali mana, kai ba ka taɓa ɗaukar babban mutum ba?”

“Ban taɓa ba, Baba.”

“To ka koya. Duk shekara za ka hawo da ni.”